Ɗacin Rai da Ƙwaya: Magana ga 'Ya'yana na Gella

'Ya'yana da jikokina na Gella, ku matso kusa, ina da magana da ku, kuma ba faɗa zan yi ba.

Duk wanda ya yi wayo a ƙarshen Oktoban 2014 ya san abin da ya auka wa ƙasar Mubi. 'Yan Boko Haram suka shiga gari, suka laƙaba masa suna Madinatul Islam, suka mamaye hedikwatar ikkilisiyar EYN da ke Kwarhi, suka lalata majami'u. Jama'a suka watse, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola. Cikin Nuwamba aka ƙwato garin, sannu a hankali aka dawo, aka gyara rufi, aka koma gona. Amma akwai waɗanda gangar jikinsu kaɗai ta dawo. Har yau suna riƙe da wanda ya kashe musu uba, da maƙwabcin da suke zargi ya kwashe musu kaya. Wasu ma, ko da yake ba sa faɗa da baki, da Allah suke fushi.

Ban raina wannan ciwo ba, ko kaɗan. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne maganin da wasunku suka nemar masa. Yaro ya kasa barci, aboki ya miƙa masa tramol. Daga ƙwaya ɗaya don ƙarfin noma, sai biyu don mantuwa, sai wiwi, sai maganin tari mai kodin, sai yini a gidan burkutu. Gwamnati ta hana shigo da wannan maganin tari da sarrafa shi tun 2018, kuma hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda ɗan jiharmu Buba Marwa ya karɓi shugabancinta a 2021, tana ta kama dillalai. Madalla da aikinsu. Sai dai hukuma kwali take iya ƙwacewa, ba ta isa inda ƙishirwar take ba.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 8. Siman na Samariya ya ji wa'azin Filibus, ya gaskata, har aka yi masa baftisma. Duk da haka da Bitrus ya dube shi, abu biyu ya gani tattare da shi: ɗaci da ɗauri. Yadda ya haɗa su a numfashi guda yakan sa ni dogon tunani. Ashe mutum zai iya shiga ruwan baftisma, sunansa na cikin littafin ikkilisiya, yana rera waƙa ran Lahadi, alhali a ɗaure yake.

Ceto kyauta ne, Yesu ya riga ya biya. Amma hannun da ke dunƙule ba ya karɓar kyauta. Mai ɗacin rai yakan zo wurin neman gafara a Addu'ar Ubangiji harshensa ya yi nauyi, don ya san akwai wanda shi bai yafe wa ba. Mai shaye-shaye kuwa ƙarya ce ke fara cin sa: ya ɓoye wa uwa, ya ɓoye wa fasto, ya daina zuwa jibin Ubangiji saboda kunya, daga bisani ya yanke wa kansa hukunci cewa Allah ya gaji da shi. Allah bai gaji ba, ɗana.

Gafara ba ta nufin a ce mugunta ba ta faru ba, ba ta kuma hana hukuma yin shari'a. Nufinta ka sauke ramuwa daga wuyanka, ka bar wa Allah. Koyarwar salama ke nan da EYN ta riƙe tun kafuwarta a Garkida a 1923. Haka ma Bishop Stephen Mamza na Yola ya ciyar da 'yan gudun hijira, da ya gina musu gidaje kuma, ya haɗa da masallaci domin Musulmin cikinsu.

Wanda ƙwaya ta kama, kada ya yi fama shi kaɗai. Barin tramol ciwo ne na jiki, yana zuwa da rawar jiki da rashin barci, don haka a haɗa addu'a da zuwa asibiti. Ku kuma iyaye da dattawan ikkilisiya da matan zumunta, ku daina kora da gori. Ku kira yaron nan gefe, ku ba shi tuwo, ku saurare shi har ya gama magana, gobe kuma ku raka shi wurin likita.