Darasi: Gane Alamar Sharar Asibiti

'Yan'uwa manoma, da yawanmu mukan kwashi shara a juji domin takin gona. Amma ba kowace shara ce taki ba. Allura ko audugar da ta taɓa jinin majinyaci tana iya ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau.

A 1987 da 1988 teku ya yi ta fito da tsofaffin allurai a gaɓar jihohin Niyu Jasi da Niyu Yok a Amurka, har aka hana wanka a wuraren. Sai gwamnati ta yi doka a 1988, wadda ta tilasta wa asibitocin yankin su sa alama da sunansu a jikin mazubin shara. Wa'adinta ya ƙare a 1991. Tun daga nan kowace jiha ke tsara dokarta, tana kuma sake duba ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware launuka:

1. Baƙi: shara ta yau da kullum.
2. Rawaya: shara mai ɗauke da cuta, har da akwatin allurai.
3. Ruwan ƙasa: ragowar magunguna.

A wasu asibitocin ja ma alamar haɗari ne. Ku lura da zanen zobba uku masu kama da ƙahoni.

In kun ga waɗannan, kada ku kai gona, kada ku zuba hatsi ko ruwa a ciki, ku hana yara taɓawa. Wanda allura ta soke, ya wanke wurin da sabulu, ya tafi asibiti a ranar.

Tambayar taro: daga wane juji ƙungiyarku take samun taki?