DARASI: IN BISASHENKA SUN YI ƁARNA A GONA

Ɗan uwa makiyayi, kaka ta zo, bisashe sun fara gangarowa daga arewa, hatsi kuwa yana gona. Lokacin rigima ke nan. Manya ba su manta da Toda ba, cikin jihar Maradi, inda a shekarar 1991 faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, galibi mata da yara. Shi ya sa muka ga ya kamata ka san hanyar da doka ta tsara.

1. Abin da doka ta ce

Dokar tsarin karkara ta 1993 ta sa a fara da sulhu gaban sarakuna kafin a tafi gidan shari'a. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙinka ne. Burtali da wurin kiwo na jama'a ne, ba a noma su. Kowace shekara gwamna ke sa ranar sakin gonaki. Ka saurari radiyo ka riƙe ranar, don kafin ta, ɓarna tana wuyanka.

2. In ɓarna ta faru

Kar ka gudu da dare. Mai gudu, ko zangarniya goma aka ci, za a ce gona duka ce.

Ka tafi wurin mai gari tare da arɗonku ko wani dattijo. Ka nemi a je gonar tun sawu bai ɓace ba, da shaidu na ɓangare biyu da malamin gona. A auna wurin da aka ci, a ƙiyasta. Diyya daidai ɓarna ake biya.

3. Takarda

Nan ne da yawa ke faɗuwa. An shirya, an biya, an watse ba rubutu. Bayan wata guda sai ga sammaci, a sake biya. To, kome kuka shirya a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu, ka riƙe taka. In ba a shirya ba, shi ma a rubuta, da ita za ka wuce gaban sarki, sannan alƙali. Kuɗin da ka ba da duka ka karɓi rasit.

4. In an ji wa dabbarka ciwo

Manomi ba shi da ikon sara ko dukan dabba. In an sare ta, kar ka yi gaggawar yankawa ka sayar. Ka kira mu ma'aikatan kiwo mu duba, mu rubuta irin ciwon da darajar dabbar. Wannan takarda ce hujjarka.

In kuwa jinin mutum ya zuba, magana ta wuce sulhu, ta jandarma ce.

A ƙarshe: kar a bar yaro ƙarami shi kaɗai da garke kusa da gonaki. Allah ya ba mu kaka lafiya.