Mayar da Keken Hawan Dutse Mai Giya Ɗaya

Wani mai sauraronmu daga Jos ya aiko da tambaya, yana neman bayani a kan yadda zai mayar da kekensa na hawan dutse mai giya ɗaya ba tare da ya yi asarar dukiya ba.

To, Malam, al'amarin da sauƙi, domin galibin aikin cirewa ne: mai gyara zai kwance wayoyi da maɓallan sauya giya, ya bar farantin tsakiya na gaba, wanda yawanci haƙoransa 32 ne, sa'an nan ya zaɓi ɗaya a baya mai haƙora 16, ko 18 saboda hawan da ke ƙasarku, ya cike gurbin sauran da zobban da ke tsakanin tsofaffin farantai, ko da yankakken bututun roba na famfo.

Sharaɗi babba, wanda in aka yi sakaci da shi duk wahalar ta tashi a banza, shi ne kaca ta miƙe sosai daga gaba zuwa baya; in ta karkace, lalle za ta riƙa zamewa, watakila ma a tsakiyar hawa. Bayan an rage tsawonta, tun da yake mazaunin ƙafar baya a irin waɗannan kekuna ba ya barin a ja taya baya, sai a bar tsohuwar na'urar sauya giya ta baya, a ɗaure sukurorinta ta tsaya wuri guda, ta riƙa ɗame kacar. A ganina wannan ya wadatar, sayen sabuwa almubazzaranci ne.

Birki kuwa, kada ka kuskura a taɓa shi, gaba da baya. Allah ya kiyaye hanya.