Allon da ke kama inuwar ƙashi: aikin John Rowlands

A watan azumin bara ɗaya daga cikinmu ya faɗo daga kabu-kabu a hanyar kasuwa, hannunsa na hagu ya kumbura. Mahaifinsa ya kai shi asibiti aka ce a yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, kamar yadda muke kiransa a nan Nijar. Bai gama gyara rigarsa ba sai ga ƙashinsa a fuskar kwamfuta, tsagar tana nan siririya kamar gashi. Mahaifin ya yi mamaki. Ya ce a zamaninsu sai an shiga da fim ɗaki mai duhu an wanke, mutum na zaune a benci yana jira, wani lokaci kuma a fito a ce hoton bai yi ba, a sake. Da abokinmu ya dawo aji da hannu a ɗaure ya ba mu labari, tambaya ɗaya muka yi ta yi wa juna: to ina fim ɗin ya tafi, me ya kama hoton? Abin da muka gano shi ne muka kawo muku, ƴan uwa ɗalibai da iyayenmu.

Hasken da ake hoton da shi sunansa hasken X. Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano shi a garin Würzburg ranar 8 ga Nuwamba 1895, kuma kafin shekarar ta ƙare ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙashi da zobe duk sun fito. Ido ba ya ganin wannan haske. Yana ratsa tsoka cikin sauƙi, ƙashi kuwa yana tare mai yawa daga cikinsa. Saboda haka abin da likita ke dubawa inuwa ce kawai, kamar inuwar mutum a jikin bango idan an haska masa cocila.

Samar da hasken bai daɗe yana ba masana wuya ba. Kama shi ne aiki. Abin da ya ratsa jikin mutum ai ba zai ji wuyar ratsa fim ba, shi ya sa fim shi kaɗai ɗan kaɗan yake kamawa, sauran ya wuce a banza. Kuma ba a cewa a ƙara ƙarfin hasken yadda aka ga dama, don yawansa yana yi wa jiki illa. Dabarar da aka yi ita ce a haɗa fim da wani faifai mai ƙyalli, wanda idan hasken X ya buge shi sai ya ba da haske irin na gani, shi kuma ya zana hoton a fim. An rage wa majiyyaci haske, amma an sayo wata matsala: hasken gani yana bazuwa gefe da gefe kafin ya isa fim. Duk wanda ya taɓa ɗiga tawada a takarda mai laima ya san abin da muke nufi. Ɗigo ɗaya ka sa, tabo ka samu. Ƙananan abubuwa a hoton sai su dushe.

A nan ne John Rowlands ya shigo. Masanin kimiyyar lissafi da haske ne da ya yi shekaru yana bincike a asibitin Sunnybrook da Jami'ar Toronto a ƙasar Kanada. Tunaninsa shi ne: me zai sa a bi ta hasken gani tun farko? A nemi abin da zai mai da hasken X ya zama lantarki kai tsaye. Abin da ya dogara da shi ba sabo ba ne. Sinadari ne mai suna seleniyom, wanda Berzelius na ƙasar Suwidin ya gano a 1817, kuma tun 1873 aka lura cewa a duhu ba ya barin lantarki ya wuce sosai, amma da haske ya taɓa shi sai ya buɗe hanya. Tsofaffin injinan fotokwafi na kamfanin Xerox da shi suke aiki. Har an taɓa ɗaukar hoton jiki da farantinsa, ana barbaɗa masa hoda kamar ta fotokwafi, daga baya aka bar hanyar. Mu dai abin ya ba mu dariya, wai jikan injin da ke kwafe mana takardun jarrabawa ne ya ga karayar abokinmu. Ko da yake, kamar yadda za ku gani a ƙasa, mai yiwuwa ɗan uwansa ne ya gani.

A 1995 Rowlands da ɗalibarsa Wei Zhao suka wallafa bincike a mujallar Medical Physics, inda suka nuna cewa za a iya shimfiɗa seleniyom a kan gilashi mai ɗauke da ƙananan makunnai, irin wanda ake yi wa fuskar kwamfutar hannu, a samu allo guda da zai kama hoton kuma ya karanta shi da kansa. Ga yadda yake aiki, ku biyo mu a hankali.

Ku ɗauki lambun albasa da aka yanka fangali-fangali. Kowane fangali yana riƙe ruwan da ya sauka a kansa, kuma yana da ƴar ƙofa da ake buɗewa. Gilashin nan haka yake: an raba shi gida-gida, kowane gida da ma'ajiyar lantarki da makunninsa, wanda ake kira transista. A samansu aka shimfiɗa seleniyom. Idan hasken X ya shiga seleniyom sai ya saki ƙwayoyin lantarki. Inda hasken ya ratso tsoka, da yawa za su fito. Inda ƙashi ya tare, kaɗan. Sirrin kuwa shi ne ƙarfin lantarkin da ake ɗora wa shimfiɗar daga sama zuwa ƙasa, wajen volt 10 a kan kowane kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Shimfiɗa mai kaurin milimita 0.2 ke nan tana ɗauke da volt 2,000, alhali kuran ɗin gidajenmu 220 ne. Wannan ƙarfi yana jan ƙwayoyin su gangara sak zuwa gidan da ke ƙarƙashinsu, ba su samun damar yawo gefe. Tawadar ba ta bazu ba. Daga nan sai a buɗe makunnan sahu bayan sahu, a auna abin da kowane gida ya tara, a mai da shi lamba, kwamfuta ta jera lambobin su zama hoto.

Malamin lissafinmu ya ba mu aiki a kan wannan, ku ma ku gwada. Akwai injin hoton mama mai suna Selenia na kamfanin Hologic, da hukumar Amurka ta amince da shi a 2002. Allonsa santimita 24 ne da 29, faɗin kowane gida kuma milimita 0.07. Gida nawa ke nan? Mu mun samu sama da miliyan 14, a fili da bai fi buɗaɗɗen littafi ba.

Me ake da wannan ƙanƙanta haka? Iyayenmu mata, wannan sashen naku ne. Ɗaya daga alamun farko na ciwon daji na mama shi ne wasu ƴan ɗigo-ɗigo masu tauri, ƙanana fiye da ƙwayar gishiri, da ke fitowa tun kafin hannu ya ji kullutu. Hoton da ya dushe zai iya haɗiye su. Allon seleniyom yana fito da su, shi ya sa ya samu gindin zama a injinan hoton mama a ƙasashe da yawa. Ciwon da aka gani da wuri kuwa ba ɗaya yake da wanda aka gani bayan ya yi rassa ba.

Kada mu ba mutum ɗaya abin mutane da yawa. A shekarar nan ta 1995 masu bincike na kamfanin DuPont a Amurka su ma sun fito da allon seleniyom nasu. Safa Kasap na Jami'ar Saskatchewan ya yi aiki mai yawa tare da Rowlands kan halin sinadarin kansa, da yadda ɗan abin da ake gauraya masa yake sa ya daɗe bai lalace ba. Kuma seleniyom bai ci kasuwa duka ba. Hasken da ake hoton ƙirji ko ƙugu da shi ya fi na mama ƙarfi, seleniyom kuwa ba shi da nauyin da zai tare shi sosai. Don haka yawancin allunan hoton ƙashi na yau suna bin hanya ta biyu: suna mai da hasken X hasken gani tukuna, amma cikin wani gishiri da aka tsirar kamar allurai a tsaye, kowace allura na kai haskenta ƙasa kamar indararo. Gilashin ƙasa dai iri ɗaya ne. A ganinmu girman Rowlands yana wurin da ya auna abin dalla-dalla ya nuna zai yiwu, da kuma mutanen da ya horar. Wei Zhao yanzu farfesa ce a Jami'ar Stony Brook ta jihar New York, tana ci gaba da bincike kan seleniyom.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne aikinsa na baya. Ya koma garin Thunder Bay ya jagoranci binciken wata sabuwar cibiya, kuma cikin abubuwan da ya sa a gaba akwai tsada. Gilashi mai miliyoyin makunnai kuɗi ne mai yawa. Sai shi da abokan aikinsa suka gwada haɗa seleniyom da ruwan nan da ke cikin fuskar agogon hannu da kalkuleta, ta yadda hoton zai bayyana a jikinsa a karanta shi da na'ura mai araha, ba tare da makunnai ba. Asibitocin da ba su da hali aka nufa da wannan dabara, irin namu ke nan.

Kuma buƙatar tana nan. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta wajen duba hoton ƙirji don neman alamun tarin fuka a jikin manya. Hoton da ya zama lambobi shi ake iya ba manhaja, shi ake iya tura wa likita a Yamai ta waya ba tare da majiyyaci ya biya kuɗin mota ba. Sai dai allon yana da nasa sharaɗi. Seleniyom ɗin da ake shimfiɗawa kamar daskararren gilashi yake, zafi mai yawa yana sa ya fara sauya kama ya lalace, shi ya sa masu ƙera shi suke cewa a ajiye shi a ɗaki mai sanyi dare da rana. Mu kuwa a watan Afrilu ma'auni yana haura 40 a inuwa, kuma lokacin ne kuran ya fi ɗaukewa. Abokinmu ya ce ɗakin radiyon nan shi ne wuri mafi sanyi da ya taɓa shiga, har ya so a ce hoton bai yi ba a sake.