Daga Tawa zuwa Yamai: a sama ko a ƙasa?

Ko ka taɓa jin an ce jirgin sama yana zuwa Yamai daga Tawa cikin awa guda? Ba ƙarya ba ce. Amma kafin ka sayar da ragonka ka sayi tikiti, zo mu yi lissafi tare.

Akwai filin jirgin sama a Tawa. Akwai kuma babban fili a Yamai, mai sunan Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1974. Tsakanin filayen biyu akwai wajen kilomita 370, in an miƙe sak kamar tafiyar tsuntsu.

Mota ba ta iya miƙewa haka. Daga Tawa sai ta gangara kudu zuwa Tsarnawa, ta shiga Birnin Kwanni, ta wuce Dogondutsi da Doso, sannan ta kai Yamai. Wannan zagayen ya kai kimanin kilomita 550. Ka ga hanya ta ƙaru da kilomita 180.

To, yaya ake gane tsawon lokacin tafiya? Sai ka raba nisa da gudu. Motar da ke cin kilomita 70 a awa za ta yi kusan awa 8, ban da tsayawar salla, da cin abinci, da shingen jandarmomi. Ƙaramin jirgi mai farfela yana cin wajen kilomita 400 a awa. Don haka awa guda ta ishe shi, ko ta gota kaɗan saboda tashi da sauka.

Amma fa jirgi ba ya ɗaukar ka a ƙofar gida. Nan mutane da yawa ke yin kuskure. In kai mutumin Kaita ne, da sauƙi: kilomita 70 ko kusan haka ke tsakaninka da Tawa. Na Buza ya fi ka nisa. Na Madawa kuwa, shi ne abin dubawa. Garinsa yana kan babbar hanyar Yamai, kuma nisan wajen kilomita 500 ne, wato awa 7 ko 8 a mota. In ya ce sai jirgi, zai yi kusan awa 3 kafin ya kai Tawa. Zai jira wajen awa 2 a fili, don ana duba takardu da kaya. Sai awa guda a sama. Jimilla awa 6 ke nan. Ribarsa awa ɗaya ko biyu, ga kuɗi ninki-ninki. A ganina bai ci riba ba.

Kuma jirgin fasinja ba kamar motar tasha ba ne, da za ka tarar kullum tana lodi. Tambayi rana da lokaci tun kana gida. Mota tana jiran ta cika. Jirgi ba ya jiran kowa, ko mai rakiyar marar lafiya ne, ko maniyyaci. In an rubuta 14h30 a tikitinka, ana nufin ƙarfe biyu da rabi na rana.

Yanzu gwada da kanka. Daga Yamai zuwa Jidda kusan kilomita 4,000 ne. Babban jirgin alhazai yana cin wajen kilomita 800 a awa. Awa nawa alhaji zai yi a sama? In ka samu, ƙara awowin mota daga garinku zuwa Yamai.