Zarto mai yankan kusurwa

Garagumsa tana yamma da birnin Damagaram. Babban garinta shi ne Takeita, wajen kilometir 50 daga birni. A nan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe yamma zuwa Tasawa da Maraɗi, ɗaya ta yi kudu zuwa Matamaye da Kano. Manyan motoci suna wucewa dare da rana. Cikin kayan da suke ɗaukowa daga kudu har da katako.

Katako yana da tsada a ƙasar Damagaram. Itatuwan da ke nan, irin su kalgo da aduwa da magarya, ba su ba da allo mai faɗi. Gawo babba ne, amma ba a sare shi yadda aka ga dama. Tun zamanin sarakunan Damagaram aka hana sarar gawo, wanda ya sare kuwa horonsa mai tsanani ne. Dajin Takeita ma hukuma ce ta keɓe shi. Saboda haka kafinta katakon da ya sha tafiya yake saye. Ya biya kuɗin itace, ya biya kuɗin mota. In ya yanka ba daidai ba, hasara ta hau kansa.

A cikin aji akwai babban allo. Wani allon, sanduna huɗu na katako suka kewaye shi. Wanda ya duba inda sanduna biyu suka haɗu zai ga ba a tsaye aka yanka bakinsu ba, a karkace aka yanka. Kusurwar allo digiri 90 ce. Sanda ɗaya ta ɗauki rabi, ɗayar ta ɗauki rabi, watau digiri 45 kowace. In yankan ya yi daidai, bakin biyu sai su haɗu, ko tsinke ba ya shiga tsakaninsu. Haka ake haɗa kewayen madubi da na hoto da na ƙofar kabad.

Zarton hannu

Kafintan da ba shi da inji yakan yi wa kansa akwatin yanka. Katako uku ne ake bugawa kamar komin ban ruwa. A tsaga gefunansa biyu a kan digiri 45. Sai a kwantar da sanda a ciki, a sa zarto a tsagar, tsagar ta bi da shi. Amma yau da gobe zarto yana cin tsagar, ta yi faɗi, zarto ya riƙa rawa a ciki. Irin wannan akwati ba ya gyaruwa. Sabo ake yi.

Shi zarton kuwa yana gyaruwa. Haƙoransa ba a miƙe suke ba: ɗaya ya ɗan karkata dama, na kusa da shi ya ɗan karkata hagu, haka har ƙarshe. Wannan karkata ita ce ke sa hanyar da zarto ya buɗe ta fi kaurin jikinsa, ya samu wurin kai da kawowa. In haƙoran suka miƙe, zarto ya riƙa maƙalewa cikin katako. In na gefe ɗaya suka fi karkata, sai ya bar layi ya bi wancan gefe, kome ƙoƙarin mai yanka. Kafinta yakan matse zarton tsakanin katako biyu, haƙora a sama. Ya wasa su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin magagari mai gefe uku. Kowane haƙori guga biyu ko uku, ba a fifita wani a kan wani.

Inji

A manyan shagunan kafinta, inda akwai wutar lantarki, ana samun injin da ke yin wannan aiki. Da faransanci sunansa scie à onglet. A Amurka aka fara ƙera irinsa, cikin shekarun 1960. Zartonsa faifan ƙarfe ne mai haƙora a kewaye, mota tana juya shi. A ƙarƙashinsa akwai tebur mai juyawa dama da hagu, an rubuta digiri a bakinsa. A bayan tebur akwai majingini, watau ɗan bangon ƙarfe da ake jingina katako. Wani irin injin yana da sanduna biyu na ƙarfe, masu santsi. Kan injin yana zamewa a kansu gaba da baya. Da su ne yake iya yanka allo mai faɗin santimetir 30, wanda faifan kaɗai ba zai ƙetare ba.

Babban abokin gaban wannan inji ƙura ce. Ƙurar kuwa iri biyu ce: garin katakon da injin ke fitarwa da kansa, da ƙurar hunturu da iska ke kawowa daga gabas. Ta biyun ta fi ɓarna, don rairayi ne mai laushi, rairayi kuwa yana cin ƙarfe.

Mutane da yawa in sun ji sandunan sun yi tauri sai su malala musu baƙin mai. Kuskure ne. Mai yana kama ƙura, su cakuɗe su zama taɓo mai kaushi. Taɓon ya shiga wajen ƙananan ƙwallayen ƙarfen da kan injin ke gudu a kansu, ya cinye su. Daga nan kan ya soma girgiɗi, yanka ba ya sake miƙewa. Abin da ya kamata shi ne a share sandunan da busasshen ƙyalle kullum bayan an tashi aiki. Loto-loto a ɗiga mai marar kauri a ƙyalle, a shafa, a sake gogewa har sai yatsa ba ya jin danshi. Kafofin da mota ke shan iska a hure su da famfon keke. Da dare a lulluɓe injin da buhu ko tsohon zane.

Kafin a taɓa faifai ko wani ƙarfe na injin, sai an zare igiyar wuta. Kashe maɓalli bai isa ba. Wutar ma in an ɗauke ta, ba ta sallama in za ta dawo.

Faifan da ya dakushe yana faɗin kansa. Katako ya riƙa hayaƙi, bakin yankan ya yi baƙi, mota ta riƙa nishi. Amma ba kullum ne dakushewa ba. Wani lokaci ƙaron itace ne ya daskare a haƙora. A cire faifan, a jiƙa haƙoran da ɗan kananzir, a goge da tsohon buroshin haƙori, a shanya. Wurin cirewa akwai abin lura: a yawancin injinan nan, ƙusar da ta riƙe faifan juyin hagu gare ta. Ana kwance ta ne ta wajen da hannun agogo ke bi. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa yana tsammanin kwancewa yake yi, har ya lalata ta. Wurin mayarwa kuma a dubi kibiyar da ke jikin faifan, ta fuskanci inda kibiyar murfin ta fuskanta.

Kan kowane haƙori akwai ɗan guntun ƙarfe mai tauri ƙwarai, ana ce da shi carbure. Magagarin zarton hannu ba ya cin sa, zamewa yake yi. Sai dutsen wasa mai garin lu'ulu'u, a wurin masu wannan sana'a. Duk taurinsa kuwa yana da saurin ɓalgacewa. Ƙusa ɗaya da ta ɓuya cikin tsohon katako ta isa ta ɓalle haƙora biyu ko uku. A ƙasar da ake sake aiki da katakon tsofaffin akwatuna da karyayyun bencina, dole a bincika kowane guntu kafin a kai shi bakin faifai. Faifan da ya tsage ko ya lanƙwashe ba a gyaransa, ba a kuma ajiye shi don wata rana.

Digiri ɗaya

Inji yana iya zama da tsabta, faifansa da kaifi, amma ya yi ƙarya. Allurarsa tana nuna 45, shi kuwa yana yankan 44. Jijjigar mota a hanya tana kawo haka, ko faɗuwa, ko katako mai nauyi da ya bugi majingini.

Digiri ɗaya ƙaramin abu ne, ido ba ya ganinsa. Amma kewayen allo sanduna huɗu ne, kowace sanda baki biyu gare ta. Yanka takwas ke nan. In kowane yanka ya kauce da digiri 1, kowace kusurwa ta kauce da digiri 2, kewayen duka ya kauce da digiri 8. Kafinta ya haɗa kusurwa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, duk lafiya. Da ya zo ta huɗu sai ta ƙi haɗuwa, don kuskuren duka can ya taru. In ya matsa da ƙarfi, sauran ukun su buɗe baki. In ya rage bakin sandunan, su gajarce, allo ya ƙi shiga. Wani yakan cusa garin katako da gam a ramin, ya shafe da fenti. Zafin bazara ɗaya ya ishe shi ya tona asirin.

Saboda haka kafintan kirki ba ya gaskata allura sai ya gwada ta. Yana da ma'aunin kusurwa, wanda ake kira équerre. Ya zare wuta, ya kai tebur kan 0, ya saukar da faifai. Ya jingina gefe ɗaya na ma'aunin da majingini, ɗaya gefen da jikin faifan, ba da haƙora ba, don haƙora sun fi jikin kauri. In haske ya ratsa tsakani, akwai gyara. Ya sassauta ƙusoshin majingini, ya ɗan matsa shi har hasken ya ɓace, ya ɗaure. Sa'an nan ya mai da allura kan 0. Haka zai sake tsai da ma'aunin a kan tebur, ya ga ko faifan a tsaye yake ko ya kwanta gefe.

Akwai wani gwajin da ba ya bukatar ma'auni. A samu guntun katako miƙaƙƙe, a yanka shi biyu a kan 0. A kife rabi ɗaya, a sake haɗa bakunan, duka biyu suna jingine da majingini. In injin daidai yake, bakunan su haɗu ƙam. In ba daidai ba, rami zai bayyana, ramin kuwa ninkin kuskuren ne, shi ya sa ido ke ganinsa. Na digiri 45 kuma, a yanka guntaye biyu, a haɗa su, a auna kusurwar da suka yi. Guntun banza ake gwaji da shi, ba katakon mai aiki ba.

Mota da wuta

A cikin motar akwai ƴan gawayi biyu, da faransanci charbons. Su ke kai wuta ga sashen da ke juyawa, kuma suna cinyewa a hankali. In injin ya soma tartsatsi da yawa, ko yana tashi yana mutuwa, su ake fara dubawa. In tsawonsu ya koma kamar milimetir 5 ko 6, a sake su, duka biyu tare. Abu ne mai araha, amma wanda ya yi sakaci da shi motar duka zai saya.

Wutar gidaje a Nijar volt 220 ce. Ta Amurka 120 ce. Injin da aka yi don Amurka, in aka haɗa shi kai tsaye da wutar nan, ƙonewa zai yi. A jikin kowace mota akwai ɗan faranti da aka rubuta wutar da take sha. Mai sayen tsohon inji ya karanta shi kafin ya biya. In kuma wuta ta yi rauni, ko janareta ya yi wa injin kaɗan, mota takan yi gurnani ta yi zafi. Gara a dakata.

Faifai mai faɗin santimetir 25 da ɗoriya, kewayensa wajen santimetir 80 ne. Irinsa yakan juya sau 4.000 a minti ɗaya, wani ma ya fi. Ke nan kowane haƙori yana cin metir 3.200 a minti. Ba motar da ke wucewa ta Takeita da wannan gudu. Don haka ne aka yi wa faifan murfi mai sauka da kansa. Wasu sukan ɗaure murfin sama da waya, wai yana tare musu gani. Yatsan da faifai ya ɗauke ba ya tsirowa. In murfi ya ƙi sauka, garin katako ne ya toshe shi ko waya mai tsalle ta tsinke. A gyara kafin a ci gaba.

Mai yanka ba ya sa babbar riga, ba ya barin jelar rawani tana lilo. Yana sa tabarau, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Hannun da ke danne katako yana nesa da faifai da taƙi guda. Yakan jawo kan injin wajensa, ya kunna, ya saukar, sa'an nan ya tura gaba. Ba ya ɗaga faifan sai ya tsaya cik. Yaron shago kuwa aikinsa shara da goge sanduna da riƙe ma'auni, bayan an zare wuta. Ba ya kunna inji sai ya girma, maigidansa kuma yana tsaye a kansa.

Tambayoyi

1. Don me haƙoran zarton hannu suke karkata dama da hagu?
2. Me ke faruwa in an malala wa sandunan inji mai da hunturu?
3. Injin wani kafinta yana kaucewa da rabin digiri. Digiri nawa kewayen allo zai kauce?
4. Haƙori yana cin metir 3.200 a minti ɗaya. Kilometir nawa ke nan a awa ɗaya?

Aiki

A ninka takarda biyu, a sake ninka ta baki bisa baki. Kusurwar da ta fito digiri 90 ce. A gwada ta a kusurwoyi huɗu na allon aji, da na ƙofa, da na tebur. A rubuta waɗanda suka yi daidai da waɗanda suka kauce. Sa'an nan a sake ninka kusurwar biyu, a faɗi digirinta.