Malamin kimiyya da digiri na biyu: ta ina za a faro?

Wani malamin kemistare mazaunin Ƙofar Mata a Kano ya aiko da tambaya. Digirinsa na kemistare ne zalla, yana koyarwa a sakandaren gwamnati, ga iyali, kuma yana son digiri na biyu ba tare da ya ajiye alli ba. Wanne zai nema, kuma a ina?

Malam, fara duba takardar da ke hannunka. Mai B.Sc zalla ba a cika ɗaukarsa M.Ed kai tsaye ba, sai ya bi ta PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri. Da ita kuma za ka yi rajista da TRCN, hukumar da dokar 1993 ta ɗora wa rajistar malamai. Jami'ar Bayero na yin PGDE ɗin, haka Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, wadda tsarinta dama na masu aiki ne. Wanda ya yi B.Ed ko B.Sc.Ed ya huta da wannan hawan.

Daga nan hanya ta rabu. M.Sc a kemistare na son mutum a ɗakin gwaji ranakun aiki, lokacin da 'yan ajinka ke jiranka. In burinka ka koma lakcara a sashen kemistare ne, to ita ce taka, amma nemi hutun ƙaro karatu cikakke. In kuwa koyarwa za ka riƙe, ko kana hangen kwalejin ilmi, ni M.Ed a koyar da kimiyya zan ce ka nema. Can ake nazarin manhaja, da auna fahimtar ɗalibi, da dalilin da ya sa yaro ke haddace ma'ana ya kasa amfani da ita.

Wuraren ba su yi nisa ba. Akwai Sashen Koyar da Kimiyya da Fasaha a Tsangayar Ilmi ta Bayero, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ga mai iya jelen hanya, sai jami'ar karatu daga gida, NOUN, mai cibiya a Sauna, Dakata. NOUN ta fi sassauci wajen lokaci, sai dai ba mai bin ka da tuni; in ba ka saba karatun dare kai kaɗai ba, auna kanka tukuna.

Kada ka biya ko sisi kafin ka samu izini a rubuce. Rubuta ta hannun shugaban makarantarku zuwa hukumar da ke biyanka albashi, ka adana kwafi. "Je ka, ba komai" na fatar baki ba ya tsare kowa ran da aka sauya shugaba, kuma ana iya ƙin lissafa takardar digirin wajen ƙarin girma. Kada ka sa rai da kuɗin TETFund, na ma'aikatan manyan makarantu ne. Nemi taranskirif ɗinka tun yanzu, don yakan yi nawa.

Inda malamai suka fi maƙalewa shi ne kundin bincike. Kwasa-kwasai kan ƙare a zango biyu, a ci jarrabawa, sai babi na ɗaya ya kwana shekara a jaka. Mafi yawa batun ne aka ɗauko daga nesa, wanda sai an bar aiki kafin a tattaro bayanansa. Kai kuwa ajinka ne wurin bincikenka, ga marinar Ƙofar Mata a unguwarku, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Tsaya bakin rami ka kalli marini ya tsamo ƙyalle daga ruwan baba da toka: yana fitowa kore-kore, ya ɗaga shi ya sha iska, nan take ya rikiɗe shuɗi. Oksijin ɗin iska ne ya yi wannan aikin, darasin da ɗalibai ke ta fama da shi a allo. Koyar da aji ɗaya da marina, ɗayan da allo kawai, ka gwada su kafin darasin da bayansa. Ka samu kundi, kuma bayanan na zuwa maka a cikin lokacin aikinka.

Lissafin ƙididdiga ka koye shi da hannunka. Masu rubuta wa mutane kundi sun cika gari, amma ranar karewa kai za a tsayar, kuma tambaya biyu ta isa ta tona asiri. Riƙa kai wa sufabaiza abin da ka rubuta duk wata, ko shafi biyar ne.

Kafin ka yanki fom, je sashen da kanka, ka samu ɗaliban da suka riga ka, ka tambaye su ranakun da ake lakca da kuma shekarun da 'yan gabansu suka ɗauka kafin su fita.